Idan aiki ya yi ajalin ma'aikaci, wa za a tuhuma?

A ranar 20 ga Disamba, 2019, wata kotu a birnin Paris ta yanke hukuncin da ba a taɓa jin irinsa ba a Faransa a kan kamfani mai girma haka. Ta samu kamfanin sadarwa na France Télécom, wanda ya koma Orange tun 2013, da tsohon shugabansa Didier Lombard, da manyan mataimakansa biyu, Louis-Pierre Wenès da Olivier Barberot, da laifin gallaza wa ma'aikata ta hanyar manufar kamfani. An yanke wa kowanne daga cikin ukun ɗaurin shekara guda, wata takwas daga ciki na je-ka-gyara-halinka, da tarar yuro 15,000, kamfanin kuma aka ci shi tarar yuro 75,000, wadda ita ce iyakar abin da doka ta yarda a ci a lokacin da aka aikata laifin. Kuɗin bai taka kara ya karya ba ga kamfanin da ke juya biliyoyi. Nauyin hukuncin yana wani wuri dabam, domin kotu ta ɗora laifin ne a kan mutanen da suka zauna a ofishin ƙoli suka tsara yadda za a tafiyar da dubban ma'aikata, alhali ba su ne ke haɗuwa da waɗannan ma'aikata kowace safiya ba.

Kafin a gane abin da ya kai ga haka sai an koma baya kaɗan. France Télécom hukumar gwamnati ce a asali, kuma ko bayan da aka fara sayar da hannayen jarinta a 1997, har kason gwamnati ya sauko ƙasa da rabi a 2004, yawancin ma'aikatanta na cikin gida, su fiye da 100,000, sun ci gaba da riƙe matsayinsu na ma'aikatan gwamnati waɗanda doka ba ta yarda a sallame su haka kawai ba. A gefe guda kuma kamfanin ya ciyo bashin da ya kusa kai yuro biliyan 70 a 2002, ga gasa daga sababbin kamfanoni, ga wayar salula da intanet suna mayar da ƙwarewar tsofaffin masu gyaran layin tarho abin da kasuwa ba ta nema kamar da. Shugabannin suka yanke shawarar rage mutum 22,000 tare da sauya wa wasu 10,000 wurin aiki cikin shekara uku, daga 2006 zuwa 2008. Tun da korar ba ta yiwuwa, sai aka zaɓi a sa mutane su tafi da ƙafafunsu. A Oktoban 2006 Lombard ya shaida wa wani taron manyan jami'ai cewa zai tabbatar an tafi ko ta wace hanya, "ko ta taga ko ta ƙofa", maganar da daga baya ta dawo ta same shi a gaban alƙali.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da shaidu suka kwashe makonni suna bayyanawa a kotu. Ana ɗaga mutumin da ya shekara ashirin ko talatin yana aikin fasaha a mayar da shi amsa kiran abokan ciniki ko tallan waya a kanti, ana tura wani garin da ke nesa da iyalinsa ba tare da an nemi ra'ayinsa ba, wani kuma a bar shi da tebur babu aikin yi, yayin da ake ta aiko masa da sanarwar guraben aiki a wasu wurare. An ɗaura wani ɓangare na ladan shugabannin sassa a kan adadin mutanen da suka iya rabuwa da su, wanda hakan ya mayar da mai gida na kusa, wanda ya kamata ya zama wurin kai kuka, mutumin da ke cin riba idan ka tafi. Tsakanin 2008 da 2009 ma'aikata 35 suka kashe kansu. A Yulin 2009 wani ma'aikacin fasaha a birnin Marseille ya bar wasiƙa yana cewa aikinsa a kamfanin shi kaɗai ne dalili, yana mai kiran salon shugabancin mulki na tsoratarwa. Bayan wata biyu Lombard ya kira lamarin "yayi" a gaban 'yan jarida, ya nemi afuwa daga baya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, kuma ya sauka daga jagorancin harkokin kamfanin a 2010.

A nan ne gardamar da ta fi wuya ta taso, kuma ita ce zuciyar wannan batu a ko'ina cikin duniya. Wasu masana ƙididdiga sun ce idan aka raba mutum 35 a kan shekara biyu da ma'aikata sama da 100,000, adadin bai wuce abin da ake gani a tsakanin Faransawa masu irin waɗannan shekaru ba, kuma bai fi na kamfanin kansa a farkon shekarun 2000 ba. Lauyoyin waɗanda ake tuhuma sun ƙara da cewa kashe kai ba ya da dalili guda, cewa wannan yana fama da bashi, wancan aurensa ya mutu, wani kuma ya daɗe yana shan maganin tsananin damuwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma duk likitan ƙwaƙwalwa zai tabbatar da cewa da wuya a samu wanda abu ɗaya tal ya kai shi ga wannan mataki. Sai dai matsakaicin adadi yana iya ɓoye abubuwa da yawa. Mutanen da ke riƙe da aiki mai tabbas sun fi sauran jama'a lafiya tun asali, saboda marasa lafiya sosai ba su cika samun aikin ko daɗewa a cikinsa ba, don haka daidaita su da jama'ar gari baki ɗaya awo ne da mudun da ba nasu ba. Ga kuma abin da ƙididdiga ba ta iya gogewa: wasiƙun da aka bari, mutuwar da ta faru a harabar wurin aiki, da gargaɗin da likitocin kamfanin da masu duba ƙwadago suka yi ta aikawa sama ba a saurara ba.

Masu gabatar da ƙara sun kauce wa wannan tarko da dabara. Ba a gurfanar da shugabannin da laifin kisa ba, har da na kuskure, domin hakan zai buƙaci a tabbatar da cewa manufar kamfani ce ta kashe wane da wane. An gurfanar da su ne da laifin gallazawa, wanda dokar Faransa ta tanada tun 2002, kuma abin da yake buƙata shi ne a nuna an yi ta maimaita ayyukan da suka lalata yanayin aikin mutum har suka iya taɓa mutuncinsa ko lafiyarsa. Kotun ta duba al'amuran mutum 39, waɗanda 19 daga cikinsu sun kashe kansu, 12 sun yi yunƙuri, 8 kuma sun faɗa cikin tsananin damuwa ko sun kasa ci gaba da aiki. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da laifin Lombard da Wenès a Satumban 2022, kodayake ta mayar da ɗaurin duka na je-ka-gyara-halinka, sannan a Janairun 2025 kotun ƙoli ta rufe maganar da amincewa cewa manufar kamfani tana iya zama laifin gallazawa ko da shugaban bai san sunan wanda abin ya shafa ba. A ganina wannan ita ce hanya mafi adalci da aka samo zuwa yanzu, domin tana tambayar shugaba abin da ya aikata da abin da aka gargaɗe shi a kai, ba ta tilasta wa iyalan mamaci su tona duk sirrin rayuwarsa don nuna cewa ba shi da wata damuwa sai ta aiki.

Japan ta bi ta wata hanya, kuma ta riga Faransa fara tafiyar. Tun 1969 aka rubuta labarin wani ma'aikaci ɗan shekara 29 a sashen rarraba jaridu na wani babban kamfanin jarida, wanda ya mutu sakamakon bugun jini a ƙwaƙwalwa, kuma shi ake ɗauka a matsayin misali na farko na abin da Japanawa ke kira karoshi, wato mutuwa saboda yawan aiki. A 1988 wasu lauyoyi suka buɗe layin tarho na musamman don karɓar koken iyalan irin waɗannan mamata. A 1991 Ichiro Oshima, ma'aikacin kamfanin talla na Dentsu ɗan shekara 24, ya kashe kansa bayan watanni yana kwana a ofis, kuma a shekarar 2000 kotun ƙolin Japan ta yanke cewa kamfani yana da alhakin kare ma'aikaci daga gajiyar da za ta lalata masa lafiyar jiki da ta tunani, abin da ya sa Dentsu ya biya iyayensa yen miliyan 168. Abin takaici shi ne bayan shekara 15 da wannan hukunci, a kamfanin dai, Matsuri Takahashi, ita ma 'yar shekara 24, ta kashe kanta a ranar 25 ga Disamba, 2015, bayan ta yi aikin ƙarin lokaci na kusan awa 105 a wata guda. Shugaban kamfanin, Tadashi Ishii, ya yi murabus, kotu kuma ta ci Dentsu tarar yen 500,000 a 2017, kuɗin da bai kai dala 5,000 ba.

Abin da Japan ta yi shi ne ta ja layi da adadin awanni. Idan ma'aikaci ya mutu da ciwon zuciya ko bugun jini a ƙwaƙwalwa, kuma aka samu ya yi ƙarin aiki na kusan awa 100 a watan da ya gabaci ciwon, ko matsakaicin awa 80 a wata cikin watanni biyu zuwa shida, hukuma tana ɗaukar cewa akwai alaƙa mai ƙarfi tsakanin aikin da mutuwar, iyalansa kuma su cancanci diyya. Da wannan ma'auni ne aka amince da mutuwar Miwa Sado, wakiliyar gidan talabijin na NHK 'yar shekara 31, wadda zuciyarta ta tsaya a 2013 bayan ƙarin aiki na awa 159 a wata guda. An yi dokar yaƙi da karoshi a 2014, sannan a 2018 majalisa ta kafa iyaka ta doka a kan ƙarin aiki, awa 45 a wata da 360 a shekara, dokar da ta fara aiki a manyan kamfanoni a Afrilun 2019. Amma an bar ƙofa a buɗe: a lokacin cunkoson aiki ana iya kaiwa dab da awa 100 a wata, wato daidai bakin layin da hukumar da kanta ta ce mutuwa na iya faruwa, kuma iyalan mamata sun fito fili sun soki wannan sassauci.

Layin awanni yana da amfani saboda ana iya ƙirga shi, kuma rauninsa ma daga nan yake. Kamfanoni kan sa ma'aikaci ya rubuta ƙasa da abin da ya yi, kuma awanni ba sa auna wulaƙanci. Ƙididdigar 'yan sandan Japan takan nuna kusan mutum 2,000 ko fiye a kowace shekara da matsalar aiki ke cikin dalilan kashe kansu, amma waɗanda hukumar ƙwadago ke amincewa a biya wa diyya ba su kan kai 100 ba. Ma'aikatan France Télécom da yawa ba yawan aiki ne ya karya su ba, wasunsu ma raba su da aikin aka yi.

Wannan ya kawo mu ga abin da binciken lafiya ya tabbatar, wanda ya kasu gida biyu. Na farko shi ne tsawon lokacin aiki. A watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa a 2016 mutum 745,000 suka mutu saboda yin aikin awa 55 ko fiye a mako, 398,000 ta hanyar bugun jini a ƙwaƙwalwa, 347,000 kuma ta ciwon zuciya. Idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40, haɗarin bugun jini a ƙwaƙwalwa yana ƙaruwa da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Kusan kashi 72 cikin 100 na mamatan maza ne, kuma da yawansu sun mutu ne shekaru bayan sun bar aikin, abin da ya sa babu wanda ke rubuta sunan wurin aiki a takardar shaidar mutuwarsu. Yadda abin ke faruwa a jiki ba ɓoyayye ba ne: jikin da ke cikin fargaba kullum yana ta sakin sinadaran da ke ɗaga hawan jini da bugun zuciya, barci yana raguwa, motsa jiki yana tsayawa, taba da barasa da abincin gaggawa suna shigowa, ganin likita kuma ana ta ɗaga shi zuwa wani mako.

Gida na biyu ya fi ban mamaki, kuma ya fito ne daga ofisoshin gwamnatin Birtaniya. Binciken Whitehall, wanda aka fara a 1967 a kan ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 a Landan, ya gano cewa masinjoji da masu gadin ƙofa da sauran na matakin ƙasa suna mutuwa ninki uku na manyan jami'ai masu irin shekarunsu, kuma bambancin yana tafiya hawa-hawa, kowane mataki ya fi na samansa mutuwa. Kafin wannan ana zaton babban jami'i mai ɗauke da nauyin yanke shawara shi ne zuciyarsa za ta fara gazawa. Shan taba da hawan jini da ƙiba sun bayyana wani ɓangare ne kawai na tazarar. Zagaye na biyu, wanda masanin lafiyar al'umma Michael Marmot ya jagoranta daga 1985 a kan mutum fiye da 10,000 maza da mata, ya nuna cewa rashin iko a kan aikin da mutum ke yi yana cikin manyan dalilai. Wannan ya yi daidai da abin da masanin zamantakewa Robert Karasek ya gabatar a 1979, cewa aikin da ya fi cutarwa shi ne wanda ake neman abu mai yawa daga mutum amma ba shi da ta cewa kan yadda zai yi shi, da kuma abin da wani masanin, Johannes Siegrist, ya ƙara a 1996, cewa mutum yana lalacewa idan wahalar da yake sha ta yi nisa da abin da yake samu na albashi da girmamawa da tabbacin gobe. Duk wanda ya karanta shaidun da aka bayar a kotun Paris zai ga waɗannan abubuwa biyu a kusan kowane labari.

Kada a ɗauka daga wannan cewa zama babu aiki ya fi lafiya. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda ya duba ƙasashe 63 daga 2000 zuwa 2011, ya ƙiyasta cewa kusan mutum 45,000 a kowace shekara suna kashe kansu a dalilin da ke da nasaba da rashin aiki, kuma adadin yakan fara hawa watanni kafin korar ta faru, lokacin da jita-jita ke yawo a ma'aikata. Aiki mai kyau yana ba mutum abin sawa a baki, da abokai, da dalilin tashi da safe, shi ya sa barazanar raba mutum da shi take da kaifi haka.

Akwai kuma bambanci tsakanin sana'o'i. Ƙididdigar hukuma a Ingila ta shekarun 2011 zuwa 2015 ta nuna cewa leburorin gini maza suna kashe kansu ninki uku na matsakaicin mazan ƙasar, ma'aikatan jinya mata kuma sun zarce sauran mata da kashi 23 cikin 100. A wasu sana'o'in, kamar noma da aikin asibiti, wani ɓangare na haɗarin yana zuwa ne daga kusancin mutum da abubuwa masu kisa a lokacin da ransa ya ɓaci, domin sau da yawa tunanin yakan zo ya wuce cikin ɗan lokaci idan babu abin aikatawa a kusa. Sri Lanka ta gwada wannan a aikace, ta haramta magungunan ƙwari mafi guba daki-daki, kuma yawan kashe kai a ƙasar ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015 ba tare da amfanin gona ya ragu ba.

Abin da kamfanoni suka fi so su yi idan magana ta taso shi ne su kawo mai ba da shawara, su shirya bita kan yadda ake jure matsin lamba, su liƙa lambar waya a bango. Waɗannan suna da amfaninsu, kuma wanda ke cikin ƙunci yana buƙatar wanda zai saurare shi yau, ba sai an gyara tsarin ma'aikata ba. Amma suna da arha ne saboda suna barin jadawalin aiki da halin mai gida da yadda ake yanke shawara a inda suke. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki ta fara ne da gyaran tsarin aikin kansa da horar da shugabannin sassa, bayan ta ƙiyasta cewa kashi 15 cikin 100 na manya masu shekarun aiki suna fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma tsananin damuwa da fargaba suna cinye ranakun aiki biliyan 12 a duk shekara.

Mai karatu a Najeriya zai iya mamakin jin cewa a takarda ƙasar ba ta baya sosai. Sashe na 8 na Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ya amince da matsin tunani da aiki ya haddasa a matsayin abin da ake biya wa diyya, ƙasar ta rattaba hannu a 2022 kan yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da ke hana cin zarafi a wurin aiki, kuma a Janairun 2023 sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Sai dai fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar suna ɓangaren da babu takardar ɗauka aiki, babu rajistar awanni, babu asusun diyya, daga ɗan acaɓa zuwa yaron shago da direban tirela, don haka layin awanni irin na Japan ba shi da abin da zai ƙirga. Sashe na 231 na kundin dokokin hukunta laifuka na Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, tanadin da Ghana ta cire daga dokarta a 2023. Ga kuma nauyin da addini da al'ada suka ɗora wa lamarin, wanda ke sa iyali su ce gajeriyar rashin lafiya ce ko kuma su yi shiru, a yi jana'iza cikin sa'o'i ba tare da binciken likita ba. Shari'ar Paris ta tsaya ne a kan wasiƙu da rahotannin likitocin kamfani da na masu duba ƙwadago da ƙorafin da ƙungiyar ƙwadago ta SUD ta shigar a ƙarshen 2009, kuma duk da tarin waɗannan takardu sai da aka shekara goma kafin a kai ga hukuncin farko, aka ƙara biyar kafin kotun ƙoli ta tabbatar da shi.